Mudun da Ke Hannunki

'Yata,

Mahaifiyarki ta kira ni daren Juma'a. Tun kafin mu gama gaisawa na ji murna a muryarta. Ta ce kin samu aiki. Na ce wane iri? Ta ce ita dai abin da ta fahimta, kuɗin mutane za ki riƙa dubawa a kwamfuta. Sai da saƙonki ya iso na gane zancen: an ɗauke ki mai nazarin asusun zuba jari na haɗaka. Alhamdu lillahi. Allah ya sanya albarka, ya sa kin shiga a sa'a.

Ki ba ni aron kunnenki kaɗan. A karatun wannan fanni kin fi ni, kuma ina alfahari da haka. Amma na daɗe ina bin labarin harkar, tun daga wata shekara da ta koya mini darasi mai tsada. Zan zo kan wannan. Ba sauri muke yi ba.

In mahaifiyarki ta sake tambaya, ga yadda za ki warware mata. Mutane da yawa ne ke haɗa kuɗinsu wuri guda. Wannan ya kawo dubu goma, wancan ya kawo miliyan. Sai a damƙa wa manaja, shi kuma ya sayi hannun jari a kamfanoni daban-daban, ko takardun bashin gwamnati. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, taro ya saya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ta ce ai adashi ne. Ki ce mata sun yi kama a wajen zubi, sun rabu a wajen kwasa. A adashi abin da kika zuba shi za ki ɗauka. A nan kuwa kuɗin fita kasuwa yake yi. Wata shekara ya dawo da ƙiba, wata shekara ya dawo a rame. Manaja kuma yana cire ladansa, ko an samu ko an rasa. A birnin Boston na Amurka aka fara irin wannan asusu a 1924, daga can ya bazu duniya.

To, ke ina matsayinki a ciki? Ke ce mai awo. Kin taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau kin ga yadda mai saye da mai sayarwa duk suke zuba wa mudu ido? Haka za a zuba miki. Manaja zai zo ya ce bana ya ci riba kashi 15 cikin ɗari. Mai kuɗi ya ji daɗi, ya yi godiya. Ke kuwa sai ki tambaya: kasuwar ita kanta nawa ta tashi? In ta tashi kashi 20, to manajan nan bai yi abin yabo ba. An biya shi lada, ya kawo ƙasa da abin da wanda ya sayi kasuwar ya zauna zai samu. Mudun da ake wannan awo da shi, shi ne ma'aunin kasuwa. Jerin kamfanoni ne da aka ware, ana lissafa tashinsu da faɗuwarsu a dunƙule. A Amurka wanda aka fi dubawa shi ne S&P 500, da ya fara a 1957 da manyan kamfanoni ɗari biyar. Kasuwar hannun jari ta Legas ma tana da nata tun 1984.

Akwai wani dattijo da nake so ki san labarinsa, John Bogle. An haife shi a 1929, shekarar da kasuwar New York ta rushe, kuma rushewar ta tafi da dukiyar gidansu. Ya yi karatu a jami'ar Princeton. A 1951 ya rubuta kundin digirinsa a kan irin asusun da za ki riƙa nazari. Tun a lokacin yana ganin cewa don masu kuɗi ya kamata a tafiyar da asusu, kuma a rage musu la'ada. Kamfanin Wellington ya ɗauke shi aiki, ya yi ta hawa har ya zama shugaba. A 1966 ya haɗa kamfanin da wasu matasan manajoji na Boston da tauraronsu ke haskawa. Da kasuwa ta faɗi a 1973 da 1974, abin ya watse, aka sauke shi daga kujera. Daga baya shi da bakinsa ya yarda cewa haɗewar nan kuskurensa ce. Ki lura da wannan, 'yata. Mutumin da ya fi kowa gargaɗi a kan bin tauraro, shi ma sai da ya bi ya ƙone.

Bai zauna kuka ba. A 1975 ya kafa Vanguard, kamfanin da masu zuba kuɗi su ne masu shi. Tun kafin nan malaman jami'a sun fara tona wani abu. Michael Jensen ya duba asusu 115 daga 1945 zuwa 1964, ya wallafa sakamakonsa a 1968. Ya samu cewa, in aka haɗa su aka raba, manajojin ba su fi wanda ya sayi kasuwar gaba ɗaya ya ajiye ba. A 1974 Paul Samuelson ya yi kira da wani ya fito ya kafa asusun da zai bi ma'auni kawai. Bogle ya amsa kiran a 1976. Asusunsa ba ya zaɓen kamfani. Abin da ke cikin S&P 500 shi yake saye, kowane kamfani daidai girmansa, sai a ajiye a yi haƙuri. An sa ran tara dala miliyan 150 a farko. Abin da aka samu ya ɗan haura miliyan 11. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya, suna kiran abin wautar Bogle. Wa zai biya kuɗi don a ba shi tsaka-tsaki? Ya rasu a watan Janairun 2019 yana da shekara 89, kamfanin da ya kafa yana riƙe da kusan dala tiriliyan 5 na mutane.

Me ya sa abin da aka raina ya tsaya da ƙafarsa? Lissafin ba shi da wuya. William Sharpe ya shimfiɗa shi a 1991 a 'yar gajeriyar maƙala. Duk masu hannun jari, in aka tara su, su ne kasuwar. In wani ya fi kasuwa samu, dole akwai wanda ya gaza ta. Kafin a cire la'ada, matsakaicin manaja daidai yake da kasuwa. Bayan an cire, wanda ya fi biya shi zai fi raguwa. Shi ke nan.

Nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne idon mutane ke wucewa. Ki ɗauka wata malamar makaranta ta ajiye Naira miliyan ɗaya. Misali nake yi. A ce kuɗin yana ƙaruwa kashi 7 cikin ɗari kowace shekara, ba ta taɓa shi ba har shekara 30. Zai kai wajen miliyan 7.6. Yanzu a ce ana cire mata kashi 2 duk shekara, ladan manaja da na dillali da sauran ƙananan caji. Saura kashi 5 ke nan. Bayan shekara 30 abin da za ta tarar miliyan 4.3 ne. Ribarta ta sauko daga miliyan 6.6 zuwa miliyan 3.3. Rabi ya tafi. Ba wanda ya fasa mata ɗaki, ba wanda ya yi mata ƙarya. An rubuta kashi 2 ɗin a takarda, ta gani, ta ce ai ba yawa. Kamar buhun da ɓera ya huda ta ƙasa ne, kullum ƙwaya kaɗan, sai ranar buɗe rumbu a ga abin da ya faru. Mu Hausawa muna cewa araha ba ta ado. A wajen atamfa gaskiya ne. A wannan kasuwa kuwa, sau da yawa asusu mai araha shi ke kai mai shi gida da kaya. Don haka duk asusun da aka ajiye a gabanki, shafin la'ada za ki fara buɗewa, kafin shafin riba.

Kamfanin da ke kula da S&P 500 yana fitar da rahoto tun 2002, yana gwada manajoji da ma'auni. In aka duba tsawon shekara 15, kusan tara cikin goma na asusun manyan kamfanonin Amurka a baya suke ƙarewa. Warren Buffett ma, wanda da zaɓen kamfani ya yi suna, ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan ɗaya da wani a kan wannan magana, da sharaɗin kuɗin ya tafi sadaka. Daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017 aka gwada asusu mai bin ma'auni da wasu asusu biyar masu tsada da ƙwararru suka zaɓa. A shekarar farko masu tsadar ne a gaba, domin ma'aunin ya faɗi kashi 37. Da shekara goma ta cika, mai bin ma'auni ya ƙaru da wajen kashi 126, su kuwa matsakaicinsu wajen kashi 36.

Za ki ce, Kawu, ai akwai gwanaye. Akwai, 'yata, ban hana ba. Wahalar ita ce raba gwani da mai sa'a, kuma rabin aikinki ke nan. Ki tara mutum 1,024, kowa ya jefa kwabo sama sau ɗaya a shekara. Wanda ya canka daidai ya ci gaba, wanda ya kuskure ya fita. Shekarar farko saura wajen 512. Ta biyu 256. In aka kai shekara goma, za ki tarar da mutum ɗaya da bai taɓa kuskure ba. Jaridu za su buga hotonsa. Mutane za su yi layi da kuɗinsu. Alhali kwabo kawai yake jefawa.

Ba ina cewa duk wanda ya yi fice haka yake ba. Bill Miller mutum ne mai ilimi da zurfin tunani. Asusun da ya riƙe ya wuce S&P 500 shekara 15 a jere, daga 1991 zuwa 2005. Kuɗi ya yi ta kwarara gare shi, mafi yawa a shekarun ƙarshe, bayan sunansa ya gama zagaya gari. A 2008 asusun ya rasa fiye da rabin darajarsa. Waɗanda suka shigo a makare su suka fi shan wuya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Idan kika ga asusu a saman jeri, ki tambayi kanki ta yaya ya hau. Wane haɗari ya ɗauka? Manajan da ya yi aikin yana nan, ko ya tashi? Dabara ce da za ta maimaitu, ko damina ce ta yi kyau?

Ga wani tarko kuma da ke kama sababbin ma'aikata. Asusun da ya yi ta faɗuwa, sau da yawa rufe shi ake yi, ko a narkar da shi cikin wani. Sai sunansa ya ɓace daga jeri. In kika ɗauki waɗanda suka rage kika auna, za ki ga kowa gwani. Kamar makarantar da ta sallami duk ɗalibai masu rauni kafin jarrabawa ce, sannan ta yi shelar kowa ya ci. Ki riƙa neman matattun asusu ki sa su a lissafi. Kuɗin mutane ne ya mutu a cikinsu.

Wani lokaci kuma abin ya wuce sa'a, ya zama zamba. Harry Markopolos ma'aikaci ne irinki a wani kamfani a Boston. Shugabanninsa suka ce ya duba yadda Bernard Madoff ke samun riba kusan kowane wata, ko su ma za su kwaikwaya. Ya zauna da alƙaluman, ya ga ba za su yiwu ba. Wace gona ce ba ta taɓa ganin fari ba? Ya kai ƙara hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka a 2000. Ba a saurare shi ba. Ya sake komawa, har da dogon bayani a 2005. Sai a Disambar 2008 asiri ya tonu, aka tarar da kusan dala biliyan 65 da ke rubuce a takardun mutane babu su. An yanke wa Madoff ɗaurin shekara 150. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an binne mutane da yawa. Harkar Madoff ba asusun haɗaka irin naki ba ce, sai dai idon da ya gano ta shi ne idon da ake so ki samu. Ke ma kin isa tuna MMM a 2016, da alƙawarin kashi 30 a wata. Kin san gidajen da aka yi kuka.

Kada kuma ki ɗauka bin ma'auni laya ce. Ina jin tsoron matashin da ya karanta littafi ɗaya ya rufe kunne. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a Disambar 1989, ya kusa maki 39,000. Bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Shekara 34 ke nan. Wanda ya zuba kuɗin fanshonsa a ƙololuwar nan, tsufa ya riske shi yana jira. Asusu mai bin ma'auni alkawari ɗaya ya yi: abin da kasuwa ta samu za ka samu, ban da 'yar la'ada. In kasuwa ta faɗa rijiya, tare za a faɗa. Sannan ma'auni yakan ba babban kamfani babban kaso. A Amurka yanzu kamfanonin fasaha kaɗan ne ke ɗauke da kaso mai nauyi na S&P 500. A Legas abin ya fi tsanani, domin 'yan ƙalilan irin su simintin Dangote da MTN da Airtel suna iya jan ma'aunin duk inda suka nufa. Abin da aka gano a New York, sai kin sake auna shi da mudun gida kafin ki faɗa wa mutanenmu. Ki kuma duba ko asusun yana bin ma'aunin sau da ƙafa, ko yana barin rata. Akwai ma manajan da ke karɓar ladan gwani, alhali a ɓoye ma'aunin yake kwafa.

Abu biyu na gida kada ki manta. Na farko tsadar rayuwa. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Asusun da ya ba da kashi 20 a shekarar, a takarda riba ce, a kasuwar hatsi asara ce. Ki riƙa faɗa wa mutane duka biyun. Na biyu halal. Yawancin asusun da ke ƙasar nan a takardun bashi masu kuɗin ruwa suke zuba jari, kuma mutanenmu da yawa ba za su taɓa su ba. Akwai ma'aunin Musulunci na Lotus a kasuwar Legas tun 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk a 2017 da Naira biliyan 100 don gina hanyoyi. In wani ya tambaye ki, ki buɗe masa cikin asusun ya ga abin da aka saya da kuɗinsa. Suna kaɗai bai isa ba.

Rayuwar aikin kuwa ba ta da ƙyalƙyali. Zama ne da karatu. Takardun bayanin asusu masu ƙananan rubutu, rahoton shekara, alƙaluma a jere har ido ya yi yaji. Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka ki karanta da kanki, kada ki dogara da taƙaitawar masu talla. In kin shiga jarrabawar ƙwararru ta CFA, matakai uku ne, za ta cinye miki dare da ƙarshen mako na 'yan shekaru. Ki daure. Ki riƙa tashi daga kujera in an kira salla, ki huta da idonki, ki ci abinci a kan lokaci.

Za ki zauna da manajoji. Yawancinsu mutanen kirki ne, masu ƙwazo, sun yarda da abin da suke yi. Ki girmama su, ki yi tambayarki a hankali, ki sake yi in ba a amsa ba. Wata rana za a gayyace ki cin abinci a babban otal. Wata rana kyauta za ta iso ofis da sunanki. Mai bayarwa ba lallai yana da mugun nufi ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da alƙalumansa suka lalace, hannunki zai yi nauyi a kan alƙalami, ke kanki ba za ki san dalili ba. Ki mayar da kyautar da kyakkyawar magana. Wata rana kuma na sama da ke zai ce ki ɗan sassauta rahoto, domin asusun na abokin hulɗa ne. Kada ki ɗaga murya. Ki kawo alƙaluman ki ajiye a gabansa, ki ce ga abin da kika gani. Kin san abin da aka faɗa mana tun muna makarantar allo a kan masu tauye mudu. In kuma ke kika yi kuskure, kuma za ki yi, ki riga kowa faɗa.

Yanzu ga labarin da na ce zan ba ki. Bayan an haɗe bankuna a 2005, hannun jarinsu ya yi ta tashi. Ko'ina zancen ke nan, a masallaci, a wajen ɗaurin aure, a tashar mota. Na karɓi garatutina a lokacin. Wani yaro mai ladabi, sa'an yayanki, ya zo har gida da takardu masu launi. Ya nuna mini yadda farashi ya ninka. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai faɗa mini komai ba bayan wannan. Na zuba kusan duka a banki ɗaya. A watan Maris na 2008 ma'aunin Legas ya haura maki 66,000. Kafin shekarar ta ƙare ya sauko ƙasa da rabin haka. Nawa ya fi haka faɗuwa. Ginin da na fara a bayan gida, wanda kika sani, shekara shida ya yi ba rufi. Gwaggonki ta sayar da sarƙarta aka biya kuɗin makarantar yara, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Na yafe wa yaron nan tuntuni. Na tabbata shi ma ya yarda da abin da ya faɗa mini, wataƙila har nasa kuɗin ya zuba. Abin da na rasa a ranar shi ne mutum ɗaya da zai zaunar da ni ya ce: Baba, kada ka tara ƙwanka duka a kwando ɗaya, ga abin da za a cire maka, ga abin da zai iya faruwa in kasuwa ta juya. Minti goma sun isa. Wannan kujerar da babu kowa a kanta ranar, ita aka ba ki yanzu.

Saboda haka in kin zauna rubuta rahoto, ki sa irina a gabanki. Tsohon ma'aikaci da garatutinsa, bazawara da gadon marayu, malamar makaranta da ke cire dubu biyar duk wata. Ba za su taɓa ganin fuskarki ba. Ki yi rubutun yadda in an fassara musu za su gane.

In kin zo hutun Salla, ki taho mini da rahotonki na farko. Mu zauna a zaure ki karanta mini shi da Hausa, in yi miki tambayoyin da ban yi ba a 2008. Ki gaida mahaifiyarki.

Kawunki.